Numfashin da Ya Shiga Waƙa

Duk wanda ya kwana biyu a Kamazou ya san Mama Eunice, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce siririyar dattijuwar nan mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a gindin mangwaro, wadda tarinta ke riga gaisuwarta isowa. In ka ga yadda take tsayawa hutu sau biyu kafin ta kai bakin titi, ba za ka yarda ita ce ta shekara talatin tana ɗauko wa Zumuntar Matan cocinsu waƙa ba. A zamaninta kuwa, in ta ja baiti, masu amshi har gajiya suke yi da jiran ta sauka.

Tana da shekara goma sha tara ta baro ƙauyensu kusa da Kafanchan, ta kama aiki a wata masaƙa a Kakuri, ɓangaren kaɗi. Ƙarar injuna a ɗakin nan ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, don haka sai ta riƙa rera abinta da ƙarfi, ba mai ji balle ya yi mata dariya. Ƙurar auduga tana yawo a hankali cikin hasken tagogin sama, ta sauka a gira, a kafaɗa, a leɓe. A nan ta haɗu da mijinta Matthew, bakaniken da kullum yake samun abin gyara a injinta ko da lafiyarsa lau. A nan kuma ta tsara waƙar da aka fi saninta da ita, wadda take farawa da cewa, “Ubangiji, ja zaren raina a hankali, kada ya tsinke kafin ka gama saƙarka.” Da numfashi ɗaya take kai baitin nan ƙarshe, har da saura.

Aka rufe masaƙa. Bayan shekara uku hawan jini ya kayar da Matthew wata safiya, yana tsaka da goge takalman da ba shi da inda zai sa su ya je. Ranar biso, maimakon ta zauna cikin mata a riƙe ta kamar yadda aka saba, Eunice ta miƙe a bakin kabari ta ɗauko waƙar nan, idonta a bushe. Har yau ana zancen. Damina biyu bayan haka tari ya kama ta, ya ƙi saki.

Kowa a unguwa ya zama likita. Aminiyarta Mama Janet, mai buga tulun kiɗa a Zumunta, ba ta taɓa canza magana ba.

“Kukan Matthew ne da kika ƙi yi,” in ji ta. “Ruwan nan ina kike so ya je? Ƙirjinki ya gangara ya kwanta.”

Wani mai sayar da sassaƙe a bakin titin Gonin Gora ya riƙe hannunta ya lumshe ido, ya ce baƙin ciki a huhu yake zama, fushi kuma jini yake bi, nata jinin har yanzu yana tsaye a ƙofar masaƙa yana jiran a buɗe. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce ƙurar auduga ce ta shekaru, ga hawan jini ya taru a kai. 'Yarta Hadassah, mai aiki a wani kemis a Trikania, ba ta da haƙurin sauran.

“Mama, abeg, ki bar zancen mutane. Ki shaƙi maganinki, ki rage gishiri.”

Eunice ba ta musa wa kowa ba. Ta sha sassaƙe, ta shaƙi magani, ta rage gishiri idan Hadassah na gida. Abin da ba ta gaya musu ba shi ne, da rana in ciniki ya lafa gyangyaɗi ya ɗauke ta, takan ga cikin ƙirjinta a buɗe, dogon ɗaki mai tagogi a sama. Auduga tana saukowa sannu-sannu, injuna suna juyi ba sauti, Matthew yana tafe tsakaninsu da shuɗin kayan aikinsa, ba ya sauri. In ta farka tana tari, har takan ɗan danne shi, don tana tsoron kada ta tofar da wurin duka.

Ba ta daina zuwa koyon waƙa ranar Alhamis ba. Sai dai numfashin ya riƙa gajarta, har baitin nan ya fi ƙarfinta. In ta kai “kada ya”, dole ta tsaya ta jawo iska, sannan ta ce “tsinke”. Wannan tsayawar ita ce babbar kunyarta a duniya. Takan sunkuya kamar tana gyara zane, wai don kada a gane.

Bana aka sa babban taron matan gunduma a Trikania, aka kuma zaɓi waƙarta a rufe taro da ita. Eunice ta wanke zanen Zumunta ta goge tun saura wata guda. Aiki ya tafi, miji ya tafi, waƙar nan ce kaɗai ta rage da ake cewa tata. Tana so ta tsaya gaban jama'a sau ɗaya tak ta ɗauko ta da bakinta. Kullum da hantsi takan gwada baitin a gindin mangwaro, kullum kuma a wuri guda take karyewa.

Mama Janet aka turo ta gaya mata. Ta zauna ta ɓare gyaɗa ta kai goma kafin ta iya magana.

“Eunice, wata daga Gonin Gora za ta ɗauko. Filin babba ne, ga rana.”

“To,” in ji Eunice.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta san yadda za a yi: yarinya mai lafiyayyen ƙirji za ta zuba baitin sumul, a tafa mata, ita kuma a manta ta taɓa numfashi a cikinsa.

Ranar taro Hadassah ta kai ta a keke napep, ta zaunar da ita a kujerar roba ƙarƙashin rumfa. Mata sun kai ɗari biyar, zane iri ɗaya, zafi yana rawa a saman kawunansu. Aka buga tulu, caki ya shiga. Matashiyar ta ɗauko da murya mai kauri, filin duka ya bi ta. Eunice ta rufe ido, tana jiran su wuce ta.

Suka kai “kada ya”, sai suka tsaya. Dukansu. Tulu ya buga sau biyu shi kaɗai, aka ji mata ɗari biyar sun ja iska tare, sannan suka ce “tsinke”.

Eunice ta buɗe ido. Ta taɓa matar da ke kusa da ita, baƙuwar fuska.

“'Yata, me ya sa kuka tsaya a nan?”

“Ai haka waƙar take, Mama. Haka matan Kamazou suka koya mana. Wurin nan ne ma ya fi taɓa ni.”

Ashe shekara bakwai matan cocinsu suna jiran ta a wurin duk Alhamis, har jiran ya zame musu jiki. Da shi suka kai waƙar gidajen biki da na makoki, waɗanda suka ɗauka daga bakinsu kuma ba su taɓa jin ta wani iri ba.

Da baitin ya sake zagayowa, Eunice ta dafa kujera ta miƙe. Muryarta ba ta wuce rumfar ba. Ta kai wurin da take karyewa, ta tsaya, filin ya tsaya tare da ita, ta ja iskarta ba tare da ta sunkuya ba. Hawaye ya ɓalle mata, irin wanda ba ya jin rarrashi. Mama Janet ta hango ta daga bayan tulu, ta jinkirta bugu na biyu kaɗan, har sai da ta ga ƙirjin aminiyarta ya cika.