Injin Awon Malam da Na Naɗe a Zane

Shekara goma sha ɗaya ke nan, wannan damina, da aka fita da Malam daga gidan nan. Ban kira sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara bakin kasuwar Funtua ya san mijina. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi.

Malam yana da wani tsohon injin awo, nauyinsa ya kai rabin buhun masara. A gabansa akwai zagayayyen gilashi, in an kunna sai koren layi ya fito yana rawa. Da shi yake gane ciwon rediyo. Manoman Mahuta da Ƙarfi in sun kawo auduga sai su biyo da rediyonsu rataye a kafaɗa, su tsugunna suna kallon layin nan, ba mai tari.

Kowace Juma'a, ko babu aiki, sai ya kunna shi ya yi ɗumi. Na ɗauka shagalar maza ce. Da ya rasu na yi wa injin abin da na iya: na goge shi, na naɗe a zane, na adana kamar iri. 'Yan gwangwan sun zo, na kore su.

Bana Ɗanjuma ya zo gaisuwa, wanda ya koyi aiki a hannun Malam, shi ma yanzu da furfurarsa. Na ce ya kunna mini. Ya ƙi, sai da ya kwance bayan. Ya nuna mini wasu gwangwanaye uku kamar na madara, sun kumbura, ɗaya ya tsiyaye ya bushe.

"Inna, kwandansa ne, su ke tace wuta. In sun daɗe ba su sha wuta ba, lalacewa suke."

"Kai, ai ɓoye shi na yi!"

"Ɓoyon ne ya gama da su, Inna."

Ranar ban ci abinci ba.

Dalmar da ke ƙafafun gwangwanayen nan Malam ne ya ɗiga ta da hannunsa. A cire su, aikinsa ya tafi. A bar su, injin ba zai ƙara tashi ba. Mako biyu ina juya maganar, sannan na aika wa Ɗanjuma ya zo ya sa sababbi. Kafin ya sa hannu sai da ya zuƙe musu wuta da sukudireba, ya ce Malam bai yarda da kwandansa ba ko da matacce ne. Sababbin ba su fi ɗan yatsana ba. Da ƙaurin dalma ya cika ɗakin, fita na yi.

Layin ya fito, amma a kwance, ba motsi. Babu rediyon da za a jona masa. Me Malam zai ce yau? Manoman nan wasu tsoro ya raba su da gonakinsu, sauran waya ce a hannunsu, in ta mutu a yar. Ɗanjuma kansa caja yake sayarwa.

Tsofaffin gwangwanayen suna cikin kwallata. Injin kuwa, duk Juma'ar da aka kawo wuta, ni nake kunna shi, in zauna har ya yi ɗumi. Ɗanjuma ya ce sababbin za su daɗe ƙwarai. Ni ba zan daɗe haka ba, kuma na duba gidan nan kaf, ban ga wanda zai kunna shi a bayana ba.