Igiyar Kwalekwalen Baba

Da yayana ya ajiye aikin soja, bai nufi Gashuwa kai tsaye ba. Gidana ya fara sauka a Nguru, da jaka ɗaya da ɗan kaftani da ya yi masa kaɗan a kafaɗa. Na dube shi na ce, "Yaya, kai da ka yi shekaru a daji kana bin 'yan bindiga, yau tsoho ɗaya ne ya hana ka ƙarasawa gida?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Manjo ne a lokacin. Ni ce ta farko da ya faɗa wa niyyarsa, ni ce kuma na sha jiran tare da shi ta waya. A da na ɗauka hafsa yakan tuɓe kaki ne kawai ya ce sai wata rana. Ashe sai ya rubuta neman murabus, ya miƙa wa kwamandansa, kwamanda ya kira shi ya tambaye shi dalili, sannan takardar ta yi ta hawa har hedikwata. Kafin amsa ta dawo, soja ne cikakke: in an ce daji, daji zai tafi. Damina ta wuce yana jira, rani ya shigo. Da amincewar ta zo, ya miƙa ragamar aiki ga wanda ya gaje shi, ya bi ofisoshi ana sa hannu cewa ba ya riƙe da kayan kowa, ya mayar da katin shaidarsa. Ya ce mini mayar da katin nan ya fi komai yi masa nauyi.

Dalilinsa ba wani ɓoyayye ba ne. 'Ya'yansa sun fara gaishe shi kamar baƙo, ga fadamar gidanmu ta shinkafa ciyawar kacala ta toshe mata hanyar ruwa. Ya ce yana so ya dawo tun yana da sauran ƙarfi.

Matsalar ita ce Baba. Mahaifinmu tsohon masunci ne, kuma tun ranar da aka rataya wa ɗansa anini, zamansa a majalisar ƙofar masallaci ya canza. Ko maganar farashin kifi ake, sai ya san yadda ya saka "Manjo" a ciki. Ya taɓa ganin bikin sallamar wasu janar-janar a talabijin: an tsayar da su a bayan buɗaɗɗiyar mota, hafsoshi sun kama igiya suna jan motar har bakin ƙofar bariki. Tun daga ranar ya riƙe a ransa cewa haka ake fita daga soja da mutunci.

Don haka da muka isa Gashuwa muka durƙusa gabansa, tambaya ɗaya ya yi.

"An ja ka da igiya?"

"Baba, ai wannan ta janar-janar ce. Ni da kaina na nemi tafiya, aka amince."

"To, korarka aka yi ke nan."

Yaya ya fito da takardar sallama mai hatimi. Baba bai ko karɓa ba. Ya ce takarda kowa na iya bugawa, shi abin da ido ke gani ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya taka mini yatsa.

Zance ya bazu. Akwai wani maƙwabcinmu mai awon hatsi, mai baki kamar rediyo, shi ne ya riƙa tambayar mutane cikin tausayawa ko wane laifi Manjo ya yi. Baba ya daina zama a majalisa. Yana idar da salla sai ya saɓi sandarsa ya yi gida. Wannan ne ya fi ci wa Yaya rai, ya fi tsegumin kansa. Ya ce mini, "Na dawo don in zauna kusa da shi, ga shi na raba shi da abokansa."

Ni dai duk ƙarshen mako sai na shiga mota daga Nguru na je na yi faɗa. Baba ya saurare ni har in gaji, sannan ya ce, "Malamar makaranta, kin gama? To ki sha ruwa."

Yaya kuwa bai yi faɗa da kowa ba. Ya tattara masu gonaki a gefenmu, suka shiga ruwa har ƙirji suna sare kacala. Halin bariki bai sake shi ba: yakan raba mutane rukuni-rukuni, in ya ce bayan asuba to bayan asuba, har matasa suka riƙa ƙame masa da lauje a hannu don tsokana. Ruwa ya samu hanya, ya koma fadamun da suka daɗe a bushe. Baba bai taka ƙafarsa wurin ba ko sau ɗaya. Sai dai na lura in Yaya ya dawo da laka har gwiwa, Baba yakan bi ƙafafun nan da kallo har su shige ɗaki.

Ranar kwaso shinkafa ina gida. Da hantsi sai Baba ya ce in nemo mana mai adaidaita, zai je bakin fadama. Ya fito da wani tsohon buhu a hammata, na ce in riƙe masa, ya ce in kula da gabana.

Mun tarar an cika a-kori-kura da buhuna, Yaya na riƙe da sitiyari. Akwai wani wuri a hanyar fitowa da samansa ya bushe ya tsattsage, kai ka ce ƙasa ce mai ƙarfi. Motar na hawa, tayoyin baya suka nutse. Yaya ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Mutane suka taru, har da mai awon hatsi da ya zo taya sabuwar shinkafa, kowa na faɗin dabararsa.

Sai Baba ya kwance bakin buhu. Igiyar kwalekwalensa ce a ciki, mai kauri, wadda muka sani tun muna yara.

Na ce, "Baba! Ashe ka san za ta kafe?"

"Wurin nan ya haɗiye amalanke tun ba a haife ki ba."

"Shi ne ba ka faɗa masa ba?"

Baba ya sa aka rage buhuna, aka ɗaura igiyar a gaban mota, da kansa ya duba ƙullin. Sannan ya leƙa tagar direba, karo na farko da na ji ya kira sunan nan tun dawowar Yaya.

"Manjo, sauko. Ba wa wani sitiyarin. Kai hau baya ka tsaya."

Yaya ya dube shi, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane. Ya hau kan sauran buhunan da wandonsa mai laka, ya miƙe sambal. Manoma suka jeru a kan igiya, Baba ya kama can gaba, ya ce da mai awon hatsi, "Kai ma zo ka kama, kusa da ni."

Aka yi kabbara aka ja. Motar ta yi ƙugi, ta girgiza, ta fito. Ba su saki igiyar ba, suka ci gaba da ja a kan busasshiyar hanya, matasa na ihu, Yaya a tsaye ya ɗaga hannu ya sara, hawaye na bin fuskarsa bai share ba. Ni ma kuka nake ina dariya, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Sai a gindin tsamiyar bakin hanya Baba ya saki igiya. Yana haki, tafin hannunsa ya yi ja. Ya juya ga mai awon hatsi ya ce, "Ka gani da idonka, har da hannunka a ciki. An ja shi."

Bayan la'asar bai dawo gida ba. Da na wuce ta ƙofar masallaci, na jiyo muryarsa a majalisa yana cewa, "Ai shi Manjo, da ya dubi kacalar nan..."