Ɗinkin Ɓeran Masar

Ban sani ba ko ka taɓa shiga shagon kayan dabbobi ka ji ƙanshin busasshiyar ciyawa. Ni dai duk sanda ya bugi hancina, ko da a tsakiyar hayaniyar Old Kent Road ne, sai in tsinci kaina a falon wani flat na council, irin gidajen hayar hukuma a ƙasar Turawa, a unguwar Camberwell, ina 'yar firamare, hita na ƙara a jikin bango, Kaka kuma na zaune a kujerarta ta lulluɓe ƙafafu da bargo.

Muna da ɓeran Masar a lokacin, fari mai ɗan ja a kunne. Kaka ce ta koya mini wannan sunan, da na Turanci kawai na san shi. Ita ce ta haifi Mama, ta zo daga wani ƙauye kusa da Pankshin don ta riƙa zama da ni, saboda Mama na aikin kula da tsofaffi. Ta ce a can gida barin su ake yi su yi ta yawo a ɗakin girki, in Kirsimeti ta zo su shiga tukunya. Ranar ban ƙara yi mata magana ba.

A farkon wani hunturu na shafa gefen cikinsa na ji kullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Mama ta yi booking wajen likitan dabbobi, aka ce sai an yi tiyata. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce ƙasar nan ba ta rabo da abin kallo.

Da aka dawo da shi, an aske masa gefe guda ga ɗinki a jere, sai dariyar ta ɗauke. Likita ya ce a shimfiɗa masa farin tawul maimakon ciyawa don a ga jini in ɗinkin ya buɗe, kada ya ji sanyi, kuma in ya ƙi ci a ɗura masa da sirinji. Ba wanda ya sa Kaka, ita ta karɓi aikin. Takan naɗe shi a gefen zaninta, tana ɗiga masa wani koren abinci mai kama da kunu, tana rera masa waƙoƙin coci da harshen garinsu.

Wata rana ta tambaye ni, "In aka sa mutum irin barcin nan na tiyata, ina yake zuwa kafin a tashe shi?"

Na amsa da Turanci cewa ba ya zuwa ko'ina.

Ɗinkin ya kama warkewa, amma halinsa ya canza. Da, ko firij aka buɗe sai ya cika gidan da fito. Yanzu ya yi shiru, sai da yamma, lokacin da tagogi suka fara duhu. Sai ya ɗaga kai ya fuskanci ƙofar falo, ya yi fiton da yake wa Mama in ta sa makulli. Ba kowa a wurin. Daga nan kansa ya riƙa juyawa a hankali, yana bin wani abu daga ƙofa zuwa taga. Kaka takan janye ƙafafunta, yadda ake yi in mutum zai wuce.

"Bar shi," in ji ta. "Wanda ya je ya dawo, idonsa ba irin namu ba ne."

Ya kuma tsiri tura hanci ƙarƙashin hammatarta ta hagu duk sanda ta ɗauke shi. Ran nan ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Akwai kullutu, mai tauri, ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Tun daga gida ta zo da shi ba ta gaya wa kowa ba. Da Mama ta dawo daga aiki, da bakinta ta faɗa mata.

"Tunda ɓera ya je ya dawo, ni ma a kai ni."

Ranar tiyatarta Mama na asibiti. Na dawo daga makaranta, maƙwabciyarmu 'yar Gana ta kawo mini abinci ta koma flat ɗinta. Fararen tawul duk sun yi datti, sai na shimfiɗa masa shuɗi a ƙasa, na zauna kusa da shi. Ban kunna fitila ba.

Sai ya yi fito. Kansa ya taso daga ƙofa, amma bai nufi taga ba, a kan kujerar Kaka ya tsaya. Ya miƙe jiki ya fara gurnanin nan da ba ya yi sai a hannunta. Ina kallo gashin bayansa ya kwanta daga wuya zuwa ƙugu, ya tashi, ya sake kwantawa. Falon ya ɗauki warin man zafin da take shafawa a gwiwa. Can sai komai ya lafa, ya koma cin ganyensa.

Daga baya Mama ta bugo waya. Kaka ta daɗe ba ta farfaɗo ba har likitoci sun damu, amma ta buɗe ido. Washegari maƙwabciyar ta kai ni asibitin. Kaka ta dube ni, muryarta a dushe.

"Shuɗin tawul kika shimfiɗa masa. In ya yi jini ta yaya za ki gani? Kuma ki daina zama a duhu."

Na kalli Mama. A asibiti ta kwana, ba ta taka gida ba.

Su biyun duk sun warke. Shi tsufa ne ya ɗauke shi, ita kuma ta koma ƙauye ta yi shekaru kafin ta rasu. An rushe ginin namu, an kafa wasu dogaye na gilashi waɗanda irinmu ba sa zama a ciki. 'Ya'yana ba su san Kaka ba, kuma in na ba su labarin da Turanci sai ya fito kamar ba komai. Yanzu Mama suke kira Kaka.

Bara na tambayi Mama ko tana tuna maganar tawul ɗin.

"Ranar ina zaune a bakin ɗakin tiyata, gyalena ya zame," ta ce. "Wani ya gyara mini shi a kafaɗa. Bango ne a bayana, shi ya sa ban juya ba."