Furen Gonar Badaru

A ƙauyukan bayan Gezawa, inda gona ke manne da gona, an san Badaru da abu ɗaya: ciyawa ba ta kwana a gonarsa. Gonar gado ce da aka yanka aka sake yankawa, amma ita ke riƙe da gidansa daga kaka zuwa kaka. Babban abokin gabarsa ƙuduji ne, tsiron nan mai jan fure da ke tsotse dawa ta saiwa. Kowane manomi ya san dokarsa: a tuge shi kafin ya zubar da iri, in ba haka ba ƙasar ta tashi aiki.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Badaru, ƙuduji ya samu sake ya yi fure. Ranar da ya miƙe zai tuge shi, sai ga dagaci da tafinta, an kafa wa matar Di'o, Baturen mulki, laima a bakin gona. Wai duk faɗin ƙasar Kano ba ta ga fure mai kyan wannan ba, za ta zana shi da fentin mai. Dagaci, da yake rawaninsa ya fi masa dawar kowa, ya ce kada a taɓa ko ganye sai ta gama.

To, aikin gwanaye ba a yi masa gaggawa. Hasken hantsi kaɗai take so. In hadari ya taso, sai gobe. In fenti bai bushe ba, sai jibi. Badaru na tsugune a gindin kuka, dawarsa na ƙanjamewa a idonsa, takaici kamar ya kashe shi, ba damar magana.

Da ta gama, ta yi masa alfarmar ya zo ya gani. Dabbare-dabbare ne kawai, kamar an kifar da miya a zane, ba kara ba zangarniya. Tafinta ya ce ai sai an ja da baya. Daga nesa kam gonar ta fito tsaf, dama daga can Turawa suka saba kallon gonar talaka.

Sai ta sa a tambaye shi ko za a samar mata irin furen, ta shuka a lambunta.

"Ranki ya daɗe, iri kam an samu," in ji Badaru. "Ya ishe ni har jikokina."

Ba a daɗe ba ya bar gonar, ya koma dakon buhunan gyaɗa a Kano.