Gwaggona da Rijiyar Unguwarmu

Gwaggona ta daɗe a kudu tare da mijinta, mai fataucin shanu, a garin da ake haƙo mai. Can ta ga rafi ya yi baƙi saboda mai, kifi ya mutu, yara suna fama da ƙuraje. Bayan rasuwarsa ta dawo gidanmu a Garo.

Wata damina ruwan rijiyarmu ya fara ƙyalli, shanu suka ƙi sha. Mu dai muka ci gaba da ɗiba. Gwaggo ta sansana guga, ta ce, "Kada wanda ya ƙara sha. Na san wannan warin."

Ta yafa mayafi, ta bi kwata har garejin wani makanike da yake zubar da baƙin mai a ƙasa. Suka gaisa sosai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗana, 'ya'yanka ma rijiyar nan suke sha."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Washegari ya samo duro yana tara man. Da aka tashi haƙa sabuwar rijiya, shi ya fara ɗaukar diga.