Auta, An Kashe Ka a Layin da Ba Wanda Ya Ga Komai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba tara ga wata, bayan la'asar, wasu mutum biyu a kan babur suka harbe ƙanena a cikin kemis ɗinsa, yana ƙulla wa wata tsohuwa maganin ciwon ƙafa. Ido na ganin ido, layi cike da jama'a. Amma da jami'an tsaro suka zo tambaya, kowa ya ce bai ga komai ba.

Auta, ni na goye ka, ni kuma na rufe maka ido, don haka ba wanda zai koya mini yadda zan yi kukanka. Na san ka. Kai ne ka ɗauki ɗan mai wanki a babur ɗinka cikin ruwan sama lokacin da numfashinsa ya sarƙe, ka kai shi asibiti, ka dawo jiƙe sharkaf kana dariya. Kai ne kake korar samari masu neman maganin tari ba tari, su zage ka, gobe ka wanke musu rauni. Ni ma ban tsira ba. In na zo awon jini sai ka ce, "Yaya, maganinki ba ya cikin kwalba. Ki rage faɗa kawai." Ban rage ba, kuma yau ba ranar ragewa ba ce.

Laifinka ɗaya, kana da ido. Baƙin da suka kama hayar gidan ƙarshen layi sun yi ta zuwa sayen bandeji da ruwan ƙari kwali-kwali, ba su taɓa kawo majinyaci ba. Ka ce su bari ka je ka duba shi, suka haɗe rai. Ka lura tagoginsu a toshe suke da kwano, ba mace, ba yaro, ba gaisuwa. Kafin ka kai rahoto, ladabinka ya sa ka tara dattawan layi a zauren mai gidan hayar, ka gaya musu. Suka ce, "Yaro, ba ruwanka. Kai dai ka sayar da maganinka." Ka ce, "Baba, in wuta ta tashi a can, gidajenmu za ta ci." Ka je ka faɗa wa jami'an tsaro. Da suka kai samame gidan, aka sami bindigogi da mutane masu raunin harsashi, wasu suka tsere ta katanga.

Godiyar da kuka yi masa ke nan, mutanen layi: kuka sa masa suna ɗan rahoto, kuka hana matanku shiga kemis ɗinsa, kuka ce ya jawo muku bincike. Jami'an ba su ambaci sunansa ga kowa ba. Waɗanda suka fara sanin shi ne ya kai rahoto, su ne waɗanda suka zauna a zauren nan. Kun ci tuwo da shi, a cikinku aka ci amanarsa, ga shi yanzu kun cika mana tabarma kuna cewa mutumin kirki ne. Tir da wannan shaida.

Matarsa da 'ya'yansa a layin nan za su ci gaba da kwana, bango ɗaya da wanda ya sayar da shi. Shi ya sa yau da safe na je inda ya je, na lissafa duk wanda ya zauna a zauren. Kada ku wahalar da kanku neman wanda ya kai rahoto wannan karon. Ni ce.

Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da marayunka, Allah Ya ba su haƙuri Ya tsare su. Wanda kuma ya ba da sunanka, Allah Ya ba shi tsawon ran da zai amsa tambaya tun a nan duniya.