Agwagwar da Fasto Ya Bar wa Habila

Shekara goma sha huɗu na yi ina taka kashin agwagwa a tsakar gidanmu na haya a Hayin Banki, saboda haka in ana maganar Malam Habila a bar ni in yi, da tafin ƙafata na san shi. Ni ce Saratu. Ɗakina yana kallon nasu, kuma ni da matarsa Dinatu benci ɗaya muke zama a zumuntar mata ta cocinmu na Lutheran da ke bayan tashar Kawo.

Habila mutumin Numan ne, kamar yawancinmu a cocin nan. Masinja ne a wani ofishin gwamnati, gajere, mai saurin tafiya, kullum da kekensa mai kwando a gaba. An ce shekara ashirin yana kai takardu bai taɓa ɗaga ambulan ya haska a rana ba. Ka ba shi allura ajiya, bayan shekara zai kawo maka ita a nannaɗe cikin takarda. Wannan halin muke yaba masa, kuma shi ne ya raba shi da matarsa.

Abin ya faro ne ranar godiyar kaka ta 1984. Mu mazauna birni ba wata gona gare mu ba, amma kowa yana kawo abin da ya samu: doya, kwanon masara, kaza, sabulu, har wani sajan ya taɓa kawo fanka. Al'adarmu kuwa, duk abin da ya shigo harabar coci a ranar ya zama na Ubangiji, bayan sujada a yi gwanjonsa don aikin gini. Fastonmu na lokacin, Fasto Zakariya, ya yi wa'azi mai zafi a kan riƙon amana, yana dukan teburi yana cewa Maigida zai dawo ya tambayi kowa abin da aka ba shi. Habila yana bencin gaba yana ta gyaɗa kai. Dinatu ba ta zo ba, kwananta shida da haihuwar 'yarsu Alheri.

Da aka tashi, ana tsakiyar hayaniyar gwanjo, sai ga Fasto ya ɓullo da wata agwagwa mai fari da baƙi a hammata, tana ta fizge-fizge. Ya hango Habila, ya danna masa ita a ƙirji ya ce, “Habila, riƙe min wannan sai na dawo.” Ya shige gidansa. Kafin ya fito, wani soja ya iso a kan babur da labarin rasuwar mahaifin Fasto a Gongola. Ko awa ba a yi ba mutum ya shiga mota. Daga wurin makoki shugabannin ikilisiya suka tura shi wani coci a kan duwatsu, can wajen iyakar Kamaru. Kayansa ma a mota aka bi shi da su.

Habila ya tsaya a ƙofar coci da agwagwa a hannu har kowa ya watse. Da la'asar ya shigo gida da ita. Ina ɗakin Dinatu ina dama mata kunu, ta leƙa ta taga ta ce, “Mun gode Allah! Saratu, ɗora ruwan zafi.”

“Kul!” in ji Habila. “Ta Ubangiji ce. Ajiya aka ba ni.”

Muka yi dariya. Mun ɗauka maganar mako ɗaya ce.

To, akwai Malam Sulaiman, malamin allo da ke bayan katangarmu, yana da wani ƙaton toron agwagwa da bai san iyakar gida ba. Kafin Ista agwagwar Fasto ta fito da 'ya'ya tara a bayanta. Yaran unguwa suka sa mata suna Amana. Habila ya saka rigarsa ta Lahadi ya je har zauren Malam Sulaiman, wai ya zo a yi maganar rabon uban 'ya'ya. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, “Maƙwabci, in dai na Allah ne, ni ma na bar masa nawa.” Habila ya dawo fuska a ɗaure, ya ce yanzu amanar ta zama biyu.

Daga nan fa gida ya ɓaci. Agwagwa ba ta san kunya ba, ba ta san tabarma ba, ba ta san kwanon tuwo ba. Tara suka zama ashirin, ashirin suka zama abin da ni na daina dubawa. Kullum da yamma Habila zai zagaya wajen masu injin niƙa ya ciko kwandon kekensa da dusa. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ba ya kyauta. Wadda ta mutu ya binne ta a bayan gida, ya cire hula. Ƙwai kuwa, ko wanda uwa ta ƙi kwanciya a kai, sai dai ya ruɓe a wurin.

Ranar Lahadi suka koyi bin sa. Shi a gaba yana tura keke, su a layi suna rangaji, su tsallaka babban titin Zariya. Kun san direbobi da tsoron take agwagwa, wai mota ba ta ƙara lafiya. Sai ka ga tirela da bas da tasi sun yi cirko-cirko, kwandastoci suna zagi, Habila yana ɗaga musu hannu yana cewa Allah ya ba da haƙuri. Muna cikin waƙa su kuma suna bakin ƙofa suna huci. Wani Lahadi ɗaya ta shigo ta kwanta a ƙarƙashin teburin Jibin Ubangiji, ba wanda ya iya korar ta don shugaban dattawa ya ce a bari a gama addu'a.

Dattawan ikilisiya sun zauna a kan maganar nan ya fi sau goma. Sabon fastonmu, Fasto Bitrus, mutum mai haƙuri, ya kira Habila ya ce, “Ni ne fasto yanzu. Na sauke maka nauyin. Kawo su a yi gwanjo a sayi kwanon rufi.”

Habila ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ba kai ka ba ni ba.”

Aka ce to a rubuta wa Fasto Zakariya. Habila da kansa ya rubuta, wasiƙa huɗu, kuma don ladabi bai ambaci agwagwa ko sau ɗaya ba, sai dai “amanar da ka bari a hannuna”. Bayan shekara biyu amsa ɗaya ta iso, ta sha ruwa a hanya. Fasto ya gaishe shi, ya gaishe da iyali, ya ce ya ci gaba da riƙe amanar da Ubangiji ya ba shi har ƙarshe. Shi ke nan! Habila ya sa wasiƙar a leda, yana yawo da ita a aljihun gaba. Duk wanda ya buɗe baki sai ya zaro masa.

Ni abin da ke ci min rai Dinatu ce. Shekarun nan da komai ya yi tsada, da miyar kuka ba nama ta zama abincin kowa, matar nan tana share ƙwai da tsintsiya ba ta isa ta fasa ɗaya ba. Da ta yi zazzaɓin da ya kwantar da ita wata guda, likita ya ce ta riƙa cin ƙwai. Ina tsaye ta ce masa, “Baban Alheri, guda ɗaya. Ƙwai ɗaya ba zai rage wa Ubangiji komai ba.” Ya tsaya yana murza hula, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Maman Alheri, in ya dawo ya tambaye ni fa?” Ya hau keke ya tafi har Babbar Kasuwa ya sayo mata ƙwan kaza biyu, ɗaya ya fashe a hanya. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma na ji tausayinsa, duka biyun.

Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Shi ne farkon zuwa aikin gayya, shi ke share coci, shi ke kai wa marasa lafiya sannu. Da maigidan hayarmu Alhaji Lawan ya zo da niyyar korarsa, Habila ya nuna masa wasiƙa, ya bayyana masa komai dalla-dalla. Alhaji ya gama saurara, sannan ya ce, “Da ina da irinka biyu a shagona da na huta.” Ya tafi bai kore shi ba, mu ya bari da wari.

Dinatu ta gindaya masa sharaɗi ɗaya tak: ranar da agwagwa ta shiga ɗakinta, ranar za ta fita. A daminar 1994 aka yi wani ruwa da iska da rana tsaka, rumfar agwagi ta rufta. Dinatu tana wajen taron zumunta. Ta dawo ta buɗe ƙofa ta tarar da su a kan gado, a ƙarƙashin gado, ɗaya a cikin kwallar kayanta, Habila yana goge Amana da zanenta na anko. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure kayanta, ta kama hannun Alheri, ta tafi gidan yayanta a Rigachikun. Ya bi ta sau bakwai da dattawa. Amsarta ɗaya ce: ko ita ko su. Shi kuma amsarsa ɗaya: ta ƙara haƙuri, Fasto zai dawo.

Ikon Allah, ya dawo ɗin. A ƙarshen 1996 muka gama sabon ginin coci, aka gayyato tsofaffin fastoci bikin buɗewa. Fasto Zakariya ya zo, ya tsufa, ya rame, ido ɗaya ya yi fari, ana riƙe da hannunsa. Dinatu ma ta zo, don ba mai fashin anko ranar irin wannan. Tana kusa da ni a bencinmu.

Ana gama addu'ar keɓewa sai muka ji huci daga ƙofa. Habila ne, cikin fararen kaya masu guga, ya rungumo Amana, ta tsufa har ba ta iya tafiya. A bayansa kuwa garke guda, suna shigowa a kan sabon siminti suna yi masa ado. Mawaƙa suka ɗage ƙafafu. Ya taka har gaba, ya durƙusa a gaban tsohon.

“Baba, ga ajiyarka. Ga kuma abin da ta haifa. Ban taɓa ko ƙwai ɗaya ba.”

Fasto Zakariya ya karkata kai ya ce, “Wane ne?”

“Habila ne, Baba. Masinja.”

“Habila! Wace ajiya?”

Coci ya yi tsit, ban da agwagi. Habila ya tuna masa ranar godiya, da wa'azi, da sojan da ya zo a babur. Tsoho ya miƙa hannu ya shafa bayan agwagwar. Can sai ya buga cinya.

“Af! Wannan ai ba ta baiko ba ce. Ta matarka ce! Ni na saya mata a kasuwar Kawo ranar Talata, don a yi mata farfesun jego. Igiya na shiga nema in ɗaure mata ƙafa ka tafi da ita.” Ya ɗago ido mai gani ɗin ya duba jama'a. “Ba ka kai mata ba?”

Wani a baya ya fashe da dariya, matarsa ta make shi. Ni dai na kama hannun Dinatu.

Habila ya daɗe a durƙushe. Ya zaro wasiƙar nan daga aljihu, ya dube ta, ya mayar. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ratsa cikin agwagi ya zo bencinmu, ya sake durƙusawa a gaban matarsa, a gaban duk ikilisiya, ya miƙa mata Amana da hannu biyu.

“Maman Alheri,” ya ce, “ga kayanki.”

Dinatu ta dubi agwagwar. Ta dubi garken da ya cika coci. Ta dubi Alheri, wadda aka sayi agwagwar nan don jegon haihuwarta, tana can cikin mawaƙa har ta kusa kamo ta a tsawo. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta zage shi, ni da na taya ta. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta miƙe, ta tura masa agwagwar a ƙirji.

“Riƙe min sai na dawo,” ta ce.

Ta fita ta tsakiyarsu, suna buɗa mata hanya, ta tari motar Rigachikun.

Yau shekara biyu ke nan. Amana ta mutu a watan da ya biyo baya, sauran suna nan, ni ma ina nan ina takawa. Kowace Asabar Habila yana jera ƙwai a kwandon keke cikin dusa, ya tuƙa har Rigachikun. Dinatu tana karɓa, ta soya, ta ci ita da 'yarta yana zaune a kan benci, ba ta ce masa bismilla. In ta gama ya gaishe ta ya hau kekensa.

Makon jiya na tare shi a bakin famfo yana wanke kaskon ruwansu. Raina ya ɓaci, na ce, “Malam Habila, don girman Allah, ba ka gaji ba? Matar nan horar da kai take yi. Ka sayar da dabbobin nan ka huta, mu ma mu huta.”

Ya ɗago ya dube ni, da gaske mamakina yake yi.

“Ba nawa ba ne, Maman Yusufu,” ya ce. “Kuma ai kina wurin. Ta ce za ta dawo.”